Shekarar da Aka Fara Ƙirga Talatin

Azumin bana cikin sanyi ya zo mana a Alƙahira. Da asuba sai mutum ya yafa bargo kafin ya zauna sahur, da rana kuwa ko ƙishirwa ba ta damun kowa sosai. Juma'ar da ta wuce ɗalibai suka gayyace ni taronsu na gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji, wadda ɗaliban ƙasashen waje ke bugawa tsakaninsu duk shekara. Sun ce dattijo suke so a wurin. Ban kai dattijo ba tukuna, amma cikin waɗanda suka buga gasar a farkonta ni kaɗai na rage a garin nan, ina yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci.

A wani ɗakin wasa aka yi taron, a unguwar Zamalek, mai daɓen katako da na'urar sanyaya ɗaki, ga agogon lantarki a saman kowane kwando. Shawarwarin gyaran doka suna da yawa. Wasu na son a raba wasa gida huɗu maimakon rabi biyu. Wasu na son a ƙara wa ɗan wasa laifi ɗaya kafin a fitar da shi. Wani saurayi daga Maraɗi ya dage sai an riƙa duba bidiyon waya idan gardama ta tashi. Na ɗaga hannu a wasu, na yi shiru a wasu. Sai aka zo kan lokacin jifa, wai a rage shi daga daƙiƙa talatin zuwa ashirin da huɗu don wasa ya ƙara zafi. Shugaban taron ya juyo ya ce, "Kawu Bashir, wai ma wa ya shigo da talatin ɗin nan cikin gasarmu?"

Na ce, "Wani ne da ake kira Hamid."

Ba wanda ya ƙara tambaya. Aka amince da ashirin da huɗu, aka tashi.

Shekarar da Hamid ya kawo dokar, azumi a tsakiyar zafin Masar ya faɗo. Jami'a tana hutu. Duk mai halin komawa gida ya koma, mu da muka rage ragowa ce ta rashin hali, kuma tallafin karatu ba ya zuwa kan lokaci idan ana hutu. Mu huɗu muke haya a unguwar Ard al-Liwa, a hawa na biyar na wani bene da ba a shafe bayansa da siminti ba. Akwai Malam Tijjani ɗan Zariya, wanda ya girme mu duka, yana karatun digiri na biyu a fiƙihu, shi ne limaminmu a gida kuma kyaftin ɗin ƙungiyarmu ta Kwalejin Shari'a. Akwai Nura ɗan Sakkwato, shi ya iya girki. Akwai ni. Sai Hamid, Bahaushen Sudan daga Gadarif, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Katsina za su aikin Hajji suka zauna a hanya. Hausarsa cike take da Larabcin Sudan. Kowa "ya zol" yake ce masa, wato "kai mutumina", har Malam Tijjani. Dogo ne, siriri, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu.

Kwanakin duk iri ɗaya suke tafiya. Nura ke tashinmu sahur. Waken Masar ne da gurasa, wani lokaci da ƙwai, sai kunun gero daga ɗan garin da wani ya taho wa Malam Tijjani da shi daga gida, wanda muke tattalinsa kamar magani. Kowa ya ɗura wa cikinsa ruwa har sai ya ji yana ƙugi idan ya motsa. Bayan sallar asuba ne kaɗai iska ke ɗan shigowa ta baranda, mu kwanta a ƙasa a kan tayil, don katifa tana riƙe zafi. Kafin hantsi bangon ɗakin ya ɗauki wuta. Idan ka jingina bayanka sai ka ji kamar ka jingina da tanda.

A waɗancan shekarun wutar lantarki tana yawan ɗaukewa a Alƙahira. Da ta ɗauke fanka ta tsaya, injin da ke turo ruwa sama shi ma ya tsaya. Sai mu ɗauki jarkoki mu sauka ƙasa wurin famfon mai gadi, mu bi layi da matan benen, mu hau da su. Ruwan ba na sha ba ne a lokacin, na jiƙa zanin gado ne. Mu jiƙa shi sharkaf mu lulluɓa, kafin ka gama karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani ya bushe. Leɓe ya tsage. Miyau ya yi kauri har magana ta zama aiki. Daga titi ba ka jin komai sai hon ɗin tuk-tuk, a-daidaita-sahun garin, da faɗan direbobi, don a irin wannan lokaci kowa a garin kusa yake da fushi.

Hamid ba ya cikin wannan kwanciyar. Da an idar da sallar asuba yake saka takalmi ya tafi kasuwar Ataba. Wani Alhaji ɗan Kano ne ke sayen kaya a can yana aikawa gida, abayoyi da takalma da kayan kicin, Hamid ke ɗauko masa dila-dilan daga shaguna zuwa sito. Da abin da yake samu yake riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa mata a Gadarif. Mun san yana wannan aikin, amma sani ne na baki. Yakan dawo bayan azahar, rigarsa ta yi farin gishirin gumi a baya, ya watsa ruwa idan akwai, ya kwanta ya miƙe ƙafafu a jikin bango. Da an kira la'asar shi ke fara tashi neman ƙwallo.

Filin na wata cibiyar matasa ne a bayan layin dogo. Siminti ne tsagagge, kwanduna biyu, ɗaya ba shi da raga. Bayan shan ruwa filin na 'yan ƙwallon ƙafa ne na unguwa, ba mai taɓa musu shi. Mu baƙi abin da aka ba mu shi ne tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ba wanda ke so. Simintin yakan riƙe zafin yini duka, ka ji shi yana ratso tafin takalmi. Ƙungiyoyin kwaleji-kwaleji ne: Shari'a, Lugga, Usuluddin, Likitanci, Injiniya. A kowace akwai 'yan Afirka da 'yan Asiya a gauraye, Larabci ne ya haɗa mu.

Malam Tijjani ne ya ƙirƙiro dabarar da ta jawo maganar gyaran doka. A dokarmu ta lokacin ba a iyakance wa ƙungiya lokacin da za ta riƙe ƙwallo ba. Sai ya ce mu yi ƙoƙari a farkon wasa mu wuce abokan karawa da ɗan maki, daga nan mu tsaya. Mu bazu a fili, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya maido, ba mai jifa. Wanda ke bayanmu a maki shi zai yi ta bin ƙwallo a rana har ƙarfinsa ya ƙare. Dabarar ta ci. Muka cinye Lugga da ita, muka cinye Injiniya. Kafin mako ya zagayo kowace ƙungiya ta koya. Wasa ya zama duk wanda ya fara jefawa ya ci. Akwai ranar da na ga wani ɗan Likitanci ya tsaya a tsakiyar fili yana buga ƙwallo a ƙasa yana hamma, abokan karawarsa kuma sun riƙe ƙugu suna kallonsa, don su ma ba su da ƙarfin binsa. 'Yan kallon da ke zuwa rage lokaci kafin magariba suka daina zuwa.

Mai kula da filin wani tsoho ne Bamisire, Ammu Ragab muke kiransa, wato Baffa Ragab. Wata rana bayan wasa ya tare Malam Tijjani a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ya Shaikh, shugaban cibiya ya leƙo jiya. Ya ga mutum goma a tsaye. Ya ce idan tsayuwa kuke yi, akwai masu ƙwallon hannu da ke neman wurin atisaye."

Malam Tijjani ya ce, "Wasa muke yi, Ammu. Dabara ce."

"Ma'alish, yi haƙuri, ni na faɗa maka abin da ya ce. Bayan Salla za su duba."

A gida, bayan mun sha ruwa, Hamid ya ajiye kofin zoɓonsa ya ce yana da magana. Ya ce a inda ake buga ƙwallon kwando na gaske akwai agogon jifa, a wasu gasannin idan ƙungiya ta riƙe ƙwallo daƙiƙa talatin ba ta jefa ba, sai a karɓe a ba abokan karawa. Ba mu da agogon, amma muna da baki. A tsayar da mutum ɗaya a gefen fili ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji.

Malam Tijjani ya ce, "Waɗanda suka yi wannan dokar, da gorar ruwa a gefen filinsu suka yi ta. Mu azumi muke yi, Hamid. Ka sa mutane gudu ba tsayawa a wannan ranar, wani zai faɗi."

"Ya zol, idan tsayuwa za mu yi, mu je masallaci mu tsaya mana, ta fi lada."

Nura ya yi dariya. Malam Tijjani bai yi ba. Ya ce, "Jikin mutum amana ne. Kai da kake yini a kasuwa ya kamata ka fi kowa son dabarata."

Hamid ya ce, "Shi ya sa ba na son ta. Tun safe ina ɗauke da kayan mutane, inda aka ce in kai nan nake kaiwa. A filin nan kaɗai nake gudu don kaina. Shi ma ka ce in tsaya."

Aka kira taron wakilan kwalejoji a inuwar bangon cibiyar, ranar da ba wasa. Shawarwari sun zo da dama, kamar na yaran yanzu. Wani ya ce a rage tsawon wasa. Wani ya ce a ɗage gasar sai bayan Salla, aka tuna masa cewa bayan Salla ba tabbas filin namu ne. Hamid ya faɗi tasa, Malam Tijjani ya tashi ya soke ta a gaban kowa, da hujjoji a jere kamar yana jarrabawar baka. Kyaftin ɗin Likitanci, wani ɗan Indonesiya mai sanyin magana, ya goyi bayan Malam Tijjani. Sauran suka bi Hamid, don kowa ya gaji da tsayuwa kuma kowa na tsoron rasa filin. Ni ma hannun Hamid na bi. Dokar ta wuce. A hanyar gida su biyun ba su yi wa juna magana ba, amma da aka kira sallah dabino ɗaya suka raba, don shi ya rage a leda.

Wasa ya canza daga ranar. Mai ƙirga ya tsaya a gefe yana "wahid, itnen, talata," idan ya wuce ashirin 'yan kallo su kama masa, fili ya ɗauki ihu. Mutane suka dawo, har da 'yan unguwa da ke leƙowa ta saman katanga. Ammu Ragab ya samo raga ya ɗaura wa kwandon da ba shi da ita. Hamid kuwa kamar an kwance shi. Ya karɓe ƙwallo a ƙarƙashin kwandonmu, ya ratsa fili da dogayen ƙafafunsa, ya ɗora ta a ɗaya kwandon kafin mai ƙirga ya kai biyar. Mu kuma muna binsa, huhu na zafi, harshe ya manne a ganɗa. Bayan kowane wasa mukan zube a gindin katanga ba mai iya magana, muna kallon masu shirya teburan shan ruwa na sadaka a bakin titi suna jera kofunan tsamiya. A can muke buɗe baki sau da yawa, tare da direbobi da leburori.

A goman tsakiya ne abin ya faru, ranar wasanmu da Usuluddin. Tun safe ba iska, sama ta yi fari fat. Wuta ta ɗauke tun hantsi, ba ruwa a sama. Hamid ya dawo a makare, don Alhajin yana ɗaure kayan Salla, aikin ya ninka. Bai samu ko kwanciya ba. Na ga yana ɗaura igiyar takalmi da ƙyar, na ce ko zai huta yau. Ya ce, "Tamam nake, lafiyata ƙalau, ya zol. Yalla, mu je."

Rabin farko ya buga kamar kullum. A rabi na biyu na lura ya daina gumi. Kowa jikinsa sharkaf, shi fatarsa a bushe. Ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, mai ƙirga na cikin ƙirga, sai ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Ƙwallon ta suɓuce ta gangara. Ya durƙusa a hankali, sannan ya kife.

Muka kinkime shi zuwa inuwar katanga. Jikinsa zafi rau. Idanunsa a buɗe amma ba mu yake kallo ba. Rana ta yi ƙasa, magariba ba ta da nisa sosai, kuma da yake yawancin waɗanda suka kewaye shi ɗaliban addini ne, nan take magana ta rabu. Wani ya ce a jiƙa shi kawai a jira kiran sallah, saura kaɗan. Wani ya fara kawo abin da malamai suka ce game da wanda ya jawo wa kansa wahala da wasa. Malam Tijjani bai saurari kowa ba. Ya ruga ɗakin Ammu Ragab ya ɗauko gora, ya tallafo kan Hamid a cinyarsa.

Hamid ya kau da kai, ya ce da ƙyar, "Azumi."

Malam Tijjani ya ce, "Sha. Za ka rama. Ni na ce ka sha."

Ya sha kaɗan, ya amayar. Kyaftin ɗin Likitanci, wanda ya zo kallo, ya tsuguna ya taɓa wuyansa, ya ce ba maganar gora ba ce, a nemo mota. A tuk-tuk muka fitar da shi zuwa babban titi, ƙafafunsa na reto a waje, daga nan tasi. Titi ya cushe da masu hanzarin zuwa gida shan ruwa. A cikin motar aka kira sallah. Direban ya miƙo mana dabino ta baya bai ko waiwayo ba.

An kwantar da shi a asibiti aka yi ta ƙara masa ruwa. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, ba na ranar kaɗai ba ne, abin ya daɗe yana taruwa. Ya ce ba azumi sauran watan, ba ɗaukar kaya, ba gudu, sai abin da hali ya yi. Da aka sallame shi muka hau da shi bene a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Abin da ya fara tambaya da ya zauna shi ne wa zai je wa Alhaji, don idan bai je ba wani za a ɗauka, kuma gida suna jiran kuɗin Salla.

Malam Tijjani ya ce, "Mu uku ne. Kowa ya ɗauki rana."

Haka aka yi. Alhajin ya yarda, ya ce shi dai kayansa su isa sito. Ranar da ta faɗo kaina na bi ƙaramar bas bayan asuba na sauka Ataba. Lungunan kasuwar matsattsu ne, amalanke ba ya shiga wasu, sai a ka ko a baya. Dilar abaya idan an ɗaure ta da igiya nauyinta ya kusa na mutum. Ka ɗauko ta daga hawa na uku na wani tsohon gini, ka sauko ta matakala mai duhu, ka ratsa cunkoso ana tura ka ana zagi, ka ajiye, ka koma. Kafin azahar na daina jin wuyana. Na ga duhu-duhu sau biyu na dafa bango. Da na dawo gida na kwanta, aka kira la'asar ban iya ɗaga kai ba. Nura, da tasa ranar ta zo, kuka ya yi a banɗaki, na ji shi. Malam Tijjani ya dawo daga tasa ranar kafaɗarsa a saɓule, ya zauna kusa da Hamid ya daɗe yana kallon hannayen Hamid ɗin.

Hamid kuma yana gida, yana cin abinci da rana a ɓoye a kicin, ya juya mana baya, ko da yake ba wanda ya ce masa kome. Wannan ya fi ciwon damunsa.

Aka sake kiran taron wakilai. Kowa ya ɗauka Malam Tijjani zai ce ga abin da ya faɗa ya faru, a soke ƙirga. Wakilin Lugga ma ya riga shi kawo shawarar sokewa. Malam Tijjani ya tashi ya ce a bar ta. Ya ce ƙirga ba ita kaɗai ta kayar da Hamid ba, kuma idan aka koma tsayuwa filin zai tafi. Sai dai a ƙara abu biyu: a riƙa tsayar da wasa a tsakiyar kowane rabi a shiga inuwa a jiƙa kai da tawul, kuma alƙalin wasa yana da ikon fitar da duk wanda ya ga alamar ya galabaita, ko ya yarda ko bai yarda ba. Kyaftin ɗin Likitanci ya ƙara da cewa duk wanda ya yi aikin ƙarfi da safe ya faɗa kafin wasa. Aka amince da duka. Na ƙarshen ba wanda ya taɓa bin sa, don ba mai son a san yana dako.

Babu Hamid a fili, kuma kullum ɗayanmu a gajiye yake da Ataba, amma makin da muka tara tun farko ya kai mu wasan ƙarshe, da Likitanci, a goman ƙarshe na watan. Hamid ya ce zai zo. Malam Tijjani ya ce ya zauna a gida. Hamid ya ce ba bugawa zai yi ba, shi zai yi ƙirga. Ƙungiyarmu ce a fili, bai kamata a ba ɗanmu ƙirga ba, amma 'yan Likitanci suka ce sun yarda. Ammu Ragab ya kawo masa kujerar roba ya ajiye a inuwa.

Hamid bai ƙara buga ƙwallo ba bayan wannan shekarar. Filin ya zauna a hannunmu. Shi kuwa da ya kammala karatu ya koma Gadarif yana koyarwa yana ɗan cinikin riɗi, mukan gaisa a waya lokaci-lokaci, har yaƙi ya tashi a ƙasarsu layinsa ya daina shiga. Malam Tijjani yana Zariya yana karantarwa, duk sanda muka yi waya sai ya tambaye ni ko na ji wani abu. Ban ji ba. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar wasan ƙarshe zafin bai ragu ba. An cika filin har saman katanga. Ni na je Ataba da safen, ban faɗa wa alƙali ba. Rabin farko muka riƙe su kusa-kusa. Muryar Hamid tana fita sosai, a zaune yake amma ana jin ta har ƙarshen fili. A rabi na biyu ƙafafuna suka yi nauyi, na ga 'yan Likitanci su ma sun fara jan jiki, mai tsarona yana numfashi da baki a buɗe. Ina riƙe da ƙwallo ina neman wanda zan miƙa wa, ina jiran in ji an kusa talatin, sai na ji ashe ko ashirin ba a kai ba. Na saurara. Tsakanin lamba da lamba Hamid yana jan numfashi, yana ja wa kowace kalma wutsiya. Da ƙwallo ta koma hannun Likitanci na sake saurara, ko mu kaɗai yake yi wa. Haka ya ƙirga musu, a hankali, daidai da namu. 'Yan kallo da suka saba kama masa daga ashirin suka yi ta riga shi, su dawo su jira shi. Alƙalin wasa ya dube shi sau ɗaya, ya dubi agogon hannunsa, ya mai da usur bakinsa bai busa ba. Kyaftin ɗin Likitanci ma ya ji. Ya ci gaba da wasansa.

Sun cinye mu da ɗan maki. Ba wanda ya faɗi. Muka gaisa da su, muka je gindin katanga muka zube. Rana ta kusa faɗuwa, ana ta jera kofuna a teburan bakin titi. Malam Tijjani ya ja jiki ya matsa kusa da kujerar Hamid, tawul a kansa.

Ya ce, "Talatin ɗinka ta yau ta kusa hamsin."

Hamid ya ce, "Talatin na ƙirga, ya zol. Ka ji na tsallake ko ɗaya?"

"Ban ji ba."

"To, khalas, magana ta ƙare."

Ya miƙe daga kujerar a hankali, ya tsallaka titi, ya ɗebo kofunan tsamiya a faranti. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu da 'yan Likitanci, yana ajiye wa kowa nasa a gabansa. Shi da ba ya azumi bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya koma ya zauna, ya jira ladan tare da mu.